Daga Adudu Zuwa Kanta: Sharhi Kan Tara Tsofaffin Kayan Ado a Sabon Birni da Isa

Gabatarwa

Makasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan wata sana'a da ta daɗe tana gudana ba tare da manazarta sun kula da ita ba, watau tara tsofaffin kayan ado da ƙananan kayan ƙawa daga gidajen Gobir ta gabas, musamman ƙasar Sabon Birni da ta Isa. Kayan da muke nufi su ne mundaye da awarwaro na azurfa da tagulla, da murjani da tsakiya, da zobba, da tandun kwalli, da battoci, da sauran abin da tsohuwa kan ɓoye a ƙasan adudu. Ba mu zo da niyyar la'antar masu tarawa ba, domin da ba don wasunsu ba da tuni maƙera sun narkar da abu mai yawa. Abin da muke tuhuma shi ne irin ilmin da wannan tarawa take haifarwa.

Matsalar Suna

Duk wanda ya duba kantunan masu wannan ciniki a Kano ko Yamai, ko kundayen da ake bugawa a Turai, zai lura cewa da wuya a ga an rubuta sunan Gobir a jikin wani abu. In azurfa ce mai zane sai a ce ta Buzaye ce, in tagulla ce mai nauyi a ce ta Fulani, domin waɗannan sunaye biyu su ne masu kasuwa. Alhali kuwa tarihin Gobirawa bai yarda da wannan rabo ba. Daga Azbin suka gangaro kudu, suka zauna Birnin Lalle, kafin Sarki Babari ya kafa Alƙalawa a ƙarni na 18. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa gari ne na ɓangaren Sakkwato mai riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Ƙasar da Bagobiri da Buzu da Bafillace suka yi ƙarnoni suna cin kasuwa ɗaya, suna kai aiki maƙera ɗaya, ba a raba adonta da sunan ƙabila guda. Maƙerin fari yakan ƙera wa wadda ta biya shi ne, abin da ya kamata a tambaya shi ne wa ya ƙera, a wane gari, kuma wa ta sa.

Matsalar Shekaru

A nan ne muka fi ganin rauni. Mun taɓa tsayawa wurin wani dillali da ya nuna mana abin wuya mai liyari a tsakiya, ya ɗora yatsa a kan lambar 1780 da ke jikinsa, ya ce ai tun zamanin Bawa Jan Gwarzo ne. Watakila shi ma haka aka gaya masa. Gaskiyar magana ita ce, wannan kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya an ci gaba da buga shi da lambar 1780 bayan rasuwarta a wannan shekara, a gidajen buga kuɗi dabam-dabam, har cikin ƙarni na 20. Saboda haka lambar ba ta nuna komai game da shekarun abin wuyan. Haka zancen yake ga duwatsu. Jan dutsen da ake kawowa daga Kambayi ta Indiya tsohon fatauci ne ƙwarai, amma a ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga sarrafa irinsa domin kasuwar Afirka, Banis da Bohimiya kuma suka cika kasuwa da na gilashi. A zare ɗaya ana iya samun dutsen da ya haura shekara ɗari biyu kusa da wanda aka sayo wajen ɗan koli a zamanin En'e. Mace ba ta ganin aibin wannan, domin ado take yi, in zare ya tsinke ta sake jerawa. Mai tarawa ne yake bukatar shekara guda domin ya sa farashi, in bai samu ba ya ƙirƙiro.

Bari mu kwatanta da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda Palmer ya yi tono a 1907, aka sake yi a 1992. An sami 'yan kunne na zinariya da awarwaron hauren giwa da duwatsun wuya da wuri da tasoshin ƙarfe. Abin da ya ba su daraja a ilmi shi ne an san kabarin da kowanne ya fito da abin da yake kwance kusa da shi, har aka iya yin magana a kan hulɗar ƙasar Hausa da Masar. Da a kanta aka tsinci 'yan kunnen nan, da sai dai a auna su a sikeli. To kayan da suke fita daga Sabon Birni da Isa ba a ƙasa suke ba, a hannun masu rai suke, waɗanda za su iya faɗin cewa wannan munduwa da ita aka kai kakarsu ɗaki, waccan kuma ta gidan Inna ce, ba a sa ta sai ranar hidima. Wannan bayani ya fi na kabari sauƙin samu, kuma shi ne ake zubarwa a zaure ranar ciniki.

Doka da Halin da Ake Ciki

Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba wakilin hukuma ba, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Sai dai ma'aunin da ta sa shi ne abin da aka ƙera kafin 1918, ko wanda aka yi hidimar gargajiya da shi. Munduwa ba ta ɗauke da ranar haihuwa. Abin mamaki, dillalin da ya rantse wa mai saye cewa abu na 1780 ne, shi ne zai rantse wa ma'aikacin kwastan cewa jiya aka ƙera shi. Hankalin duniya ma ya fi karkata ga manyan abubuwa. Jerin kayan da ke cikin haɗari da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar a 2000 ya ambaci gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina, domin abin da ake tonowa ya shafa. Tandun kwalli da zoben tsohuwa ba su da mai tsaya musu.

Dole kuma mu faɗi abin da kowa a wannan zaure ya sani. Daga 2019 dubban mutanen wannan yanki sun tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, a 2024 kuma aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa a hannunsu. Kayan adon mace a ƙasar Hausa dama ajiya ce ta ranar wuya, kuma ranar ta zo. Wadda ake neman kuɗin fansar ɗanta ba ta ciniki, abin da aka taya shi za ta karɓa. Kiran irin wannan saye da sunan ceton al'ada, a ganinmu, rufa ido ne. Duk da haka ba mu da bakin cewa kada ta sayar, tun da ba mu ne za mu biya fansar ba.

Abin da yake cikin ikonmu ƙarami ne. Kwalejojin ilmi suna da ɗalibai 'yan asalin Isa da Sabon Birni da Gatawa, waɗanda suke shiga ɗakunan da baƙo ba ya shiga. Maimakon a yi ta maimaita kundin kammala karatu a kan bukin aure, ana iya sa kowanne ya ɗauki hoton abu goma na gidansu, ya auna nauyinsu, ya rubuta sunansu da bakin mai su, da sunan maƙerin in ana tunawa, a ajiye kwafi a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Kayan su zauna wurin masu su. In ma an sayar daga baya, takardar tana nan.