Ƙugiya Ba Ado Ba Ce: Tsokaci Kan Zubin Haruffa a Aikin Ɗalibai

Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce duba wani ɓangare na adabi da manazarta suka daɗe suna yi wa riƙon sakainar kashi, wato zubin haruffa a kan takarda. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne aikin wasu ɗalibanmu a nan Abuja, waɗanda suka tsara ƙaramin kundin waƙoƙi a kwamfuta. Bangon ya ƙayatar, an kuma bar wa kowane baiti fili ya sarara. Sai dai irin haruffan da suka zaɓa ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Saboda haka kwamfuta ta aro su daga wani zubi dabam, suka fito tsirara a tsakiyar kalma kamar baƙi a gidan biki. A kanun shafuka kuwa an zubar da ƙugiyar ɗungurungum.

Wannan kuskure ya wuce na ado. Ƙugiya ce ke raba ƙafa da kafa, ɓata da bata, baƙi da baki. Idan mawaƙi ya ce ƙasa aka buga masa kasa, an sauya masa ma'ana ba da saninsa ba.

Magabata ba su raina wannan al'amari ba. A shekarun 1930 ne aka tsayar da haruffa masu ƙugiya a Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda aka fara a 1939, ta yaɗa su. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki nauyin samar da zubin haruffa guda domin harsunan Nijeriya, har gwanin zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu. A 1988 aka narkar da cibiyar cikin hukumar NERDC mai hedikwata a Sheda, nan kusa da mu.

Za a iya yi wa marubutan Adabin Kasuwar Kano na farko uzuri, domin keken rubutunsu ba shi da waɗannan haruffa. Ɗalibin yau ba shi da wannan hanzari, tunda tsarin Unicode ya tanade su.

Shawararmu ita ce, kafin ɗalibi ya zaɓi zubin haruffa, ya fara buga kalmar ɓoyayyen ƙuduri da ɗabi'a ya gani. In ƙugiyoyin sun zauna daidai da 'yan'uwansu, sai ya ci gaba. In ba haka ba, ya nemi wani.