Sirdi, Gwiwa da Feda: Bitar Littafin Phil Burt

Tela yakan auna mutum yana tsaye ƙyam, amma sai mai wando ya durƙusa ake sanin ko awon ya yi. Wannan ne ya riƙa faɗo mini a rai ina karanta Bike Fit, littafin Phil Burt da kamfanin Bloomsbury ya buga a 2014, aka sake fitar da shi da ƙari a 2022. Burt likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne. Ya yi shekara goma sha biyu yana kula da jikin 'yan tseren keke na Birtaniya, ya kuma yi aiki da ƙungiyar Team Sky. Tambayar da littafin ya ɗauko kamar ba ta kai a rubuta littafi a kanta ba: ina ya kamata sirdi ya tsaya, ina kan keke, ina ƙafa za ta zauna a kan feda?

Sai ka yi lissafi kake gane nauyinta. Ɗan tsere yana juya feda kamar sau 90 a minti, wato sau 5,400 a awa ɗaya. Kuskuren da bai kai faɗin yatsa ba, in aka maimaita shi sau dubu biyar kafin a sha ruwa, gwiwa ce za ta biya.

Masu bincike sun daɗe suna neman lamba guda da za ta raba gardama. A 1967 Hamley da Thomas suka ce a auna ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa, a ɗauki kashi 109 cikin ɗari, shi ne nisan feda da saman sirdi. Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku, ya yaɗa wata: a ninka wannan tsawon da 0.883, a auna daga cibiyar da fedoji ke juyawa a kanta. Mai ƙafa santimita 80 zai samu 70.6 ke nan. A 1994 Holmes, Pruitt da Whalen suka bar tsawon ƙashi suka koma kan gwiwa, suka ce in feda ta kai ƙasa, lanƙwasar gwiwa ta tsaya tsakanin digiri 25 da 35. Akwai kuma tsohuwar dabarar sakin zare mai nauyi a baki daga ƙoƙon gwiwa, irin yadda magini ke duba gini, a ga ko ya sauka daidai kan feda.

Burt bai yi wa waɗannan dabaru dariya ba, kuma na yaba masa a nan. Ya karɓe su a matsayin mafari. Amma ya nuna inda suke yoyo: mutum biyu masu tsawon ƙafa ɗaya, ɗaya yana da doguwar cinya, ɗayan dogon ƙwauri, wannan jijiyoyin bayan cinyarsa a sake suke, wancan ko taɓa yatsun ƙafarsa ba ya iyawa. Lamba ba ta san wannan ba. Babbar matsalar kuma ita ce ta telan nan. Mahayin da aka tsayar don a auna shi yakan sauke dunduniya, ya daidaita ƙugu, ya zauna kamar mai jiran hoto. Da ya fara tuƙi da ƙarfi, dunduniya ta ɗaga, ƙugu ya karkata, gwiwa ta ƙara lanƙwasa da wasu digirori. Shi ya sa awon da ake yi cikin motsi yake kaiwa wajen digiri 35 zuwa 40, kuma wanda ya ɗauki lambar tsaye ya ɗora a kan hoton motsi zai ɗaga sirdi fiye da kima.

Nan na'urar Retül ta shigo, wadda aka ƙirƙiro a Boulder ta jihar Colorado, kamfanin Specialized ya saye ta a 2012. Ana manna 'yan fitilu takwas a gefen jiki, daga wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa da ƙugu, zuwa gwiwa, idon sawu, dunduniya da gindin yatsu, kyamara tana bin su mutum yana tuƙi. Bayanin Burt a kan abin da waɗannan kusurwoyi ke nufi a fili yake, hotunan kuma sun taimaka ƙwarai.

Inda littafin ya fi ratsa ni shi ne rabon da ya yi wa mahaya gida biyu. Akwai masu jikin da ke jin canjin milimita biyu, kullum suna taɓa sirdi da sifana. Akwai masu jikin da ke shanye komai, a ba su keken wani su tuƙa ba su ankara ba. Cikin 'yan tsere, ya kawo Ben Swift a na farko, Geraint Thomas a na biyu. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran keke ya san mutanen nan biyu, ko bai san sunansu ba. Daga wannan ne Burt ya ce zama mai kyau ba ɗigo ɗaya ba ne, fili ne mai ɗan faɗi, kuma filin yana matsawa in shekaru suka ja ko rauni ya shigo.

Littafin yana da gurgunta. Ya jingina da na'ura mai tsada fiye da yadda mai son auna kansa a gida zai so. Yawancin hujjarsa daga gogewarsa da zakaru ne, ba daga gwaji a kan jama'a masu yawa ba, kuma ba kullum yake raba abin da bincike ya tabbatar da abin da idonsa ya gani ba. Sannan keken da ke ransa na tsere ne, mai takalmin da ke maƙale wa feda. Mai keken Phoenix da ke ɗauko buhun masara daga gona, wanda ya sauke sirdi da gangan don ƙafarsa ta taɓa ƙasa in kaya ya rinjaye shi, ba ya cikin lissafin.

Duk da haka babin ciwuka zai yi masa amfani. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne, ciwo a bayanta kuma ya yi sama. Ƙugu yana rangaji hagu da dama, an wuce gona da iri. Na gwada a kan tsohon kekena: na jingina waya da bulo, na ɗauki bidiyon kaina daga gefe, na ga gwiwata ba ta ko kusa miƙewa. Na ɗaga sirdin kaɗan-kaɗan cikin mako uku, kamar yadda ya ba da shawarar a bi a hankali, ina sa alama da fenti a jikin ƙarfen kowane karo.