Ina Hayaƙin Ya Tafi?

Kwanaki na shiga Kano biki, ina tsaye bakin titi sai ga wata a daidaita sahu ta sulalo ta tsaya gabana, ba ƙara ba hayaƙi, har sai da na ja da baya don tsoro. Ashe irin mai lantarkin nan ce da ake ta magana. Na hau, kuma gaskiya ɗaya ce, na ji daɗinta. Duk wadda ta taɓa maƙalewa a cunkoson Kantin Kwari da goyo a baya, hayaƙin salansa yana shiga idon yaro yana tari, ta san ba ƙaramin abu ba ne ki koma gida mayafinki ba warin fetur.

Ga kuma maganar aljihu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura naira 1,000 a 2024, kuɗin mota ya hana mata da yawa zuwa suna da gaisuwa. A Disambar 2023 gwamnatin Zulum ta zuba motoci masu lantarki a Maiduguri, a 2025 kuma ƙungiyar Mata Zalla ta ɗora mata kan kekuna ruwan hoda a Kano suna ɗaukar mata 'yan uwansu. Nan ba ni da ta cewa sai sambarka.

Inda na raba gari da masu yabon shi ne da suke ta faɗa a rediyo wai abin nan ba ya ɓata muhalli ko kaɗan. Haba malamai! Wutar da ake ɗura wa batirin daga sama ta faɗo? Mafi yawan wutar ƙasar nan iskar gas ake ƙonawa a samo ta, sauran daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Wannan ma fa in an kawo ta ke nan. Mu nan Balan wayar hannu ma sau nawa muke ba yaro ya kai wa mai caji, shi kuma ya tayar da janareto? Ba mu manta Oktobar 2024 ba, lokacin da layin wuta ya lalace Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. To keken da ya kwana yana shan caji daga janareto, hayaƙinsa tashi ya yi daga titi ya koma bayan shago, kusa da tagar wata baiwar Allah.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batirin kansa. Masu tsadar da sinadarin litiyam ake yin su, wanda ake haƙowa har a jihar Nasarawa, kuma a 2024 'yan jarida sun nuna ƙananan yara suna aiki a wasu ramukan da ba su da izini. Masu arahar kuwa na dalma ne, irin batirin mota. Ke da kike da sola a gida kin san batiri yana da ranar mutuwa. In ya mutu ina yake zuwa? Zaure ko bayan ɗaki, yara suna hawa suna wasa, har ranar da ɗan gwangwan zai zo ya saya ya fasa, ya zubar da ruwan a ƙasa inda kaji ke kiwo. Ita dalma ba ta wari balle ki gane, a hankali take cin ƙwaƙwalwar yaro. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Can wajen haƙar zinariya ne aka kwaso ta, amma gubar dai ita ce, kuma a tsakar gida ta same su, inda iyayensu mata ke daka dutsen.

Kada a ce na yi son kai. Injin fetur yawancin ƙarfin man a zafi yake tafiya, na lantarki kuwa kaɗan yake asara, shi ya sa ko da wutar gas aka yi cajin ya fi mai shan fetur sauƙin ɓarna. In kuwa da hasken rana ne, wanda muke da shi har ya yi mana yawa a watan Afrilu, to an gama magana. Sai dai faranti da wurin canjin batiri kuɗi ne, kuma a birni aka fara kafa su, ba a hanyar Gaya zuwa Wudil ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ƙanin maigida ne ya matsa mini in ba shi kuɗin adashina mu haɗa mu sayi ɗaya. Na ce masa ya faɗa mini inda zai riƙa caji ran da babu wuta, da shekara nawa batirin zai yi, da wanda zai karɓe shi in ya mutu. Ya je birni ya dawo da amsar ta biyu kaɗai, ita ma daga bakin mai sayarwa. Kuɗin suna nan ƙasan akwati.