Wa Ke Rakiyar Mamaci?

A cikin 1951 wani masani mutumin ƙasar Romaniya, Mircea Eliade, ya buga littafi da Faransanci a kan bokayen Saibiriya, waɗanda ake kira shaman. An juya shi da Ingilishi a 1964. Daga cikin ayyukan bokayen nan da ya bayyana akwai rakiyar matattu. Wurin kabilar Goldi ta bakin kogin Amur, in mutum ya mutu sai boka ya yi ta kaɗa ganga har ya fita hayyacinsa. A cewarsu kurwarsa ce ta tashi, ta ɗauki ta mamacin ta kai ta garin matattu, don kada ta ɓace ta dawo ta dami dangi.

Littafin yana da daɗin karatu, ya kuwa tara labari mai yawa. Amma Eliade bai taɓa taka Saibiriya ba, abin da matafiya suka rubuta ya harhaɗa. Aibinsa babba shi ne son zuba al'adun duniya cikin ƙwarya ɗaya. Wanda ya karanta da gaggawa zai ce ai ɗan bori ma shaman ne.

To, sai a auna wannan zance da abin da aka sani a Fagam da sauran ƙasar Gwaram da Birnin Kudu. Ɗan bori ba ya tafiya ko'ina. Iska ne ke zuwa daga Jangare ya hau shi, shi ya sa ake kiransa doki, mace kuwa goɗiya. Abin da ake nema wurin Inna ko Ɗan Galadima magani ne na masu rai. Ko boka da ke faɗa da maye, aikinsa ya sa a saki kurwar majinyaci ta komo jikinsa. Watau bokan Goldi kaiwa yake yi, na Hausa kuwa maidowa.

Rakiyar mamaci a Fagam tana hannun malamai da jama'a. Ana laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada, a yi masa wanka, a sa likkafani, a sallace shi da kabbara huɗu, a kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Daga bakin kushewa kowa sai ya juya. Babu limamin da ke cewa zai bi shi gaban Munkari da Nakiri, sai aikinsa da addu'ar da aka bi shi da ita. Mawaƙa irin su Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, sukan kwatanta hanyar tun mutum yana da rai, don ya yi guzuri.

Saboda haka littafin Eliade ya isa a karanta don sanin Saibiriya, amma ba ma'auni ba ne ga ƙasar Hausa. Wanda ya koyi karatu, wajibi ne ya riƙa gwada maganar takarda da abin da idonsa ya gani. Allah ya sa a cika da imani, amin.