Altair da ƙafafun aro

Mai karanta littafi da ido yake bin jarumi, haka ma mai kallon sinima. Wasan bidiyo ne ya zo da sabon al'amari: yana miƙa wa mutum jikin jarumin, ya ce masa ya tafi da shi. Don haka wanda zai auna irin wannan aiki, kafin ya taɓo labari ko kyan hoto, wajibi ne ya duba abin da ke gudana tsakanin yatsan ɗan wasa da ƙafar wanda ke cikin allo. Kaɗan ne daga cikin wasanni suka ɗauki wannan tambaya da nauyi kamar Assassin's Creed na farko, wanda reshen kamfanin Ubisoft na birnin Montréal, ƙasar Kanada, ya fitar a shekara ta 2007 ƙarƙashin jagorancin Patrice Désilets.

Labarin yana faruwa ne a 1191, zamanin yaƙin Salahuddini da Richard sarkin Ingila. Jarumin, Altair, yana fitowa daga ganuwar Masyaf zuwa Dimashƙa, Ƙudus da Akka don kashe mutum tara da aka umurce shi. An buɗe biranen, mutum ya bi lungun da ya ga dama, ko ya bi ta saman soraye. Salon gudunsa kuwa daga parkour aka aro shi, wato wasan tsallake katangu da David Belle da abokansa suka raya a Lisses, kusa da Paris, wanda masu kallo suka gani cikin fim ɗin Banlieue 13 na 2004.

Hikimar masu aikin tana cikin na'urar riƙo, wadda yara ke kira manet. Sun raba jikin Altair bisa maɓallai huɗu, kamar yadda mai dabo ke sarrafa ƴar tsanarsa: na sama shi ne kai, na ƙasa ƙafafu, na hagu hannun makami, na dama hannun da babu kome. Sai wani maɓalli can a kafaɗar manet wanda ke sauya halin jarumin. In an sake shi, Altair mutum ne mai natsuwa. In an danne, kowace gaɓa sai ta yi aikinta da ƙarfi. Hannun da ke kawar da mutum a hankali shi ne zai cafki wuyan riga ya yi jifa.

A cikin kasuwa wannan tsari ya fi yin kyau, kuma nan ne ƴan wasa da yawa ba su tsayawa. Altair na ratsa taro a Dimashƙa, ɗan wasa na riƙe da maɓallin dama, sai a ga tafin jarumin na sauka kan kafaɗar wannan, yana gusar da wancan, ba tare da ya tada hankalin kowa ba. Ga mata ɗauke da tuluna a kai. Wanda ya yi gaggawa ya bangaje ɗaya, tulu ya fashe, dogarai su waiwayo. Ga almajira ta tare hanya tana roƙo, ba ta da niyyar kaucewa. In aka danna maɓallin ƙafafu cikin natsuwa, sai Altair ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa, ya rage sauri har ya saje da malamai masu fararen tufafi, su wuce da shi ƙofar da aka tsare. Duk wanda ya taɓa kutsawa babbar kasuwar Maradi ana gobe salla ya san cewa tafiya cikin mutane ilimi ce, tana da ladabinta. Wasan ya gane haka, ya sa haƙuri ya zama aikin yatsa.

Matsalar tana fitowa ne daga inda aka fi yaba masa, wato hawa. Gaskiya ne an gina kowane bango da kula: hannun Altair ba ya kama iska, sai bakin taga, ko azara, ko dutsen da ya ɗan turo. Amma me ɗan wasa ke yi a lokacin? Ya danne maɓallai biyu, ya tura sanda gaba, shi ke nan. Na'ura ce ke auna nisan tsalle, ita ke zaɓen inda ƙafa za ta dira. Jarumin ba ya gajiya, hannunsa ba ya saki sai in dogari ya jefe shi da dutse. Hasumiyar da ta kai gaban gajimare da katangar gidan talaka, wahalarsu ɗaya ga yatsa. Malaman lakwal sun san wannan yanayi ga ɗalibin da ya zuba hadda ba tuntuɓe, aka tafa masa, alhali ba shi ya ɗinka ko jimla ɗaya ba.

Kuma bawan da ya saba yin tunani madadin ubangijinsa wata rana sai ya yi masa karambani. Ana tsakar gudu, dogarai a baya, mutum na nufin lungu, sai Altair ya ga bango ya ɗare, ko ya tsuguna kan wani gungume yana jiran takobi. A tashar jiragen ruwa ta Akka abin har ban dariya: gwanin da ke faɗowa daga ƙololuwar hasumiya cikin tarin ciyawa ya tashi lafiya lau bai iya iyo ba, ƙafa na zamewa daga kwalekwale, an mutu.

Magadan wasan sun ji koken, suka yi ta gyara: na 2012 ya mai da gudu bisa maɓalli guda, na 2014, wanda ke faruwa a Paris, ya raba hawa da sauka. Amsa mai ƙarfi daga Japan ta zo, cikin The Legend of Zelda: Breath of the Wild na Nintendo, a 2017. Can ma kusan kowane dutse na hawuwa, sai dai an maƙala wa jarumin wata koriyar da'ira mai raguwa muddin yana rataye. Dole ɗan wasa ya tsaya gindin tsauni ya ƙare masa kallo, ya nemi inda zai huta, ya lissafa ko ƙarfinsa zai kai. In ruwan sama ya sauko, dutse ya yi santsi, sai ya raɓe ƙarƙashin wani ɓuli ya hura wuta, ya jira hadari ya wuce.