Jaje da Dangana a Bakin Tafkin Kainji

Jaje al'ada ce ta zuwa wurin wanda ya yi asara a taya shi jimami, ko da ba rai aka rasa ba. A ƙasar Yauri, daga Yelwa zuwa Wara ta Ngaski da ƙauyukan Shanga, inda Sarkawa da Gungawa da Kambari ke ci daga ruwa da gona, abin da ake jajantawa yakan zama jirgin da ya kife, ko komar da aka sace, ko shinkafar da ambaliya ta cinye.

Kalaman jaje kaɗan ne: sannu, Allah Ya mayar da alheri, Allah Ya kiyaye gaba. Ba a tambayar masunci dalilin fitarsa cikin iska, ba a lissafa masa kurensa a gaban mutane. Dattawa kan ce ƙaddara ta riga fata. Ta haka jama'a ke sauke wa mai asara nauyin zargin kansa, har ya samu ya yi dangana, ya daina cin zuciyarsa. Sau da yawa gudummawa kan biyo baya: aron koma, kwanon hatsi, ko ɗaga ranar biyan bashi. Yankin ya daɗe da sanin asara mai yawa. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi dubban mutane daga tsibirai da gaɓar kogin Kwara, kuma a watan Mayun 2021 jirgin da ya nutse kusa da Wara ya tafi da rayuka masu yawa.

Inda al'adar ta gaza shi ne asarar da ba ta da rana. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man injin jirgi da na zaren koma da na kai kifi kasuwa suka tashi. Jari yana zagwanyewa a hankali, babu wanda zai zo jaje, domin babu abin da ya kife. Son rufin asiri kuma yakan hana magidanci faɗin halin da yake ciki, sai damuwar ta fito ta hanyar rashin barci da faɗuwar gaba da saurin fushi a gida, shi kuma yana ganin gazawarsa ce. Mata masu bandar kifi sun ɗan fi samun sauƙi, domin ranar zubin adashi takan zama ranar faɗa wa juna gaskiyar aljihu.

Akwai kuma wurin da dangana ke wuce gona da iri. Lodin da ya fi ƙarfin jirgi, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya, duk aikin mutum ne, kuma ladabin jaje yakan sa a yi shiru a kansu har wani hatsarin ya sake aukuwa.