Raƙumin dawan filin jirgin Agadas

'Yan uwa, in aka yi maganar mutum-mutumin tagulla da gwamnati ta sa aka ƙera, hankalinmu Dakar yake tafiya, wajen ƙaton nan mai mita 49 da Abdoulaye Wade ya ƙaddamar a 2010, aikin wani kamfanin Koriya ta Arewa. Alhali jihar Agadas ma tana da nata, sai dai na alminiyam ne: raƙumin dawan da aka ajiye a filin jirgin Mano Dayak.

Kwafi ne. Na ainihi yana Dabous, kusa da hanyar Arlit, sassaƙe a jikin dutse tun shekaru dubbai, tsawonsa ya haura mita 5. A 1999 ƙwararru daga Turai suka ɗauki zubinsa.

Ni dai na fi son shi a kan na Dakar nesa ba kusa ba. Can namiji ne ya turo ƙirji, ya ɗaga yaro sama, yana jan mace kamar kaya. Nan kuwa dabbar ce ta cika wuri. Wani siririn layi ya fito daga bakinta, ya gangaro har zuwa wani ɗan mitsitsin mutum. Igiya ce? Addu'a ce? Mai sassaƙar ya bar mu da tambayar, kuma ya ajiye ɗan Adam daidai girmansa a cikin Sahara. Wanda ya taɓa ƙetare hamada zuwa Tchibarakaten a bayan Hilux ya san wannan ma'aunin.

Damuwata wurin da aka sa shi. Wa ke shiga filin jirgi? Manya da baƙi. Mu da muke sauka tasha da ƙura har cikin kunne, sai mu shekara muna ratsa Agadas ba mu gan shi ba. An ce na jama'a ne, amma don idon mai tikiti aka ajiye shi.

Sannan ga maƙeranmu. Sun gaji zubin kaki: a siffanta giciyen Agadas da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba azurfa. Da wannan dabarar ake zuba mutum-mutumin tagulla a ko'ina. In gwamnati za ta ƙawata ofishin gwamna ko na magajin gari, su ya kamata a fara kira, a ba su tagulla da maƙera babba, a kafa abin a bakin titi inda ɗan kabu-kabu zai iya tsayawa ya ce bai yi kyau ba.